Madatsar Alau: Kuɗin da Suka Iso Bayan Ruwa Ya Ci Gari

Wajen ƙarfe biyun dare ƙanwata ta kira ni daga unguwar Gwange da ke Maiduguri. Ko sallama ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ruwa ya shigo mana, har ya kai gwiwa," sai layin ya yanke. Daren Litinin ne, 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata. Ban sake jin muryarta ba sai da rana ta take, ta wayar wani bawan Allah, tana tsaye a bakin titi da goyo a baya da leda ɗaya a hannu, wadda ta cusa takardun makarantar yara a ciki. Buhun masarar da mijinta ya ajiye, keken ɗinkinta, katifu, tukwane, duk suna can ƙarƙashin ruwa. Amma ta fito da 'ya'yanta cif, abin da ba kowace uwa ta samu ba a wannan dare.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Madatsar ruwa ta Alau, da ke kan kogin Ngadda a ƙaramar hukumar Konduga, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, ta kasa riƙe abin da ya taru mata bayan an kwashe makonni ana sheƙa ruwan sama. Ruwan ya biyo kwarin kogin ya faɗo cikin gari mutane na barci. Fori, Galtimari, Gwange, Bulabulin, Gamboru, Shehuri, unguwa bayan unguwa. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga babbar kasuwar Monday, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada. A gidan namun daji na Sanda Kyarimi yawancin dabbobin mutuwa suka yi, kadoji da macizai suka bi ruwa zuwa cikin unguwanni. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum fiye da 400,000 ne suka bar gidajensu, ta kuma ƙirga aƙalla gawa 30 a kwanakin farko, adadin da mutanen gari da yawa ke ganin bai kama ƙafar gaskiya ba. Gwamnan Borno Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum wajen miliyan ɗaya.

Ba labarin ɓarnar ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, an ba da shi har an gaji. Kuɗin nake bi. Daga ina suka fito, yaushe suka iso, kuma nawa ne daga cikinsu suka taɓa ƙasa kafin ruwa ya taɓa ta? In aka jera alƙaluman a kan kwanan wata, abu guda ne ke fitowa fili: kusan duk wani kuɗi mai kauri da aka ji sunansa a wannan lamari, bayan 10 ga Satumba ya bayyana.

A fara da madatsar kanta, don nan ne ƙullin yake. An kammala gina Alau a 1986, domin ta ba Maiduguri ruwan sha, ta kuma shayar da gonakin rani, musamman na fadamar Jere inda ake noman shinkafa. Tana ɗaukar ruwa kimanin kyubik mita miliyan 112. Sai dai ba ta gwamnatin Borno ba ce. Tana hannun Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya. Wato mai madatsa yana Abuja, masu kwana a ƙarƙashinta suna Maiduguri. Gwamnan jiha ba shi da hurumin ya tashi da safe ya ba da kwangilar gyaranta kamar yadda zai ba da ta titi ko makaranta, ita kuwa tarayya ba ita jama'a za su fara tsarewa da ido ba in ruwa ya ci gida. An sha sanya gyaran Alau a kasafin tarayya shekara bayan shekara, da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, kuma ko su ɗin, rubutawa a kasafi daban, fitarwa daban. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya san tazarar da ke tsakanin "an ware" da "an saki".

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A Satumban 1994 ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri, dattawan Gwange da Bulabulin har yau suna nuna inda ya tsaya a jikin bango. Shekara talatin cur ke nan garin yana da masaniyar ta inda ruwa ke bi in ya fusata. A cikin shekarun nan kuma garin ya kumbura. Rikicin Boko Haram ya kwaso dubban ɗaruruwan mutane daga Bama, Gwoza, Dikwa, Marte da sauransu ya zube su a Maiduguri, kuma talaka ɗan gudun hijira ba ya zaɓen fili. Inda ya samu arha nan yake kafa bukka, ko da bakin kogi ne. Magudanan ruwa suka cika da leda da yashi, wasu aka yi gini a kansu.

Gargaɗi ma an yi. A watan Afrilun 2024 hukumar NIHSA, mai sa ido kan koguna da madatsu, ta fitar da hasashenta na shekara inda ta lissafa jihohi 31 da ke cikin babban haɗarin ambaliya, da Borno a ciki. Kwanaki kaɗan kafin abin ya faru, mutanen ƙauyukan da ke kusa da madatsar sun riga sun ga ruwa ya kai inda ba su saba gani ba, magana ta bazu a gari. Tawagar gwamnatin jiha ƙarƙashin sakataren gwamnati, Bukar Tijani, ta je ta duba, ta dawo ta ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Ban kawo wannan don in ɗora wa mutum ɗaya laifi ba. Abin da ziyarar ta tona shi ne jihar ba ta da wata hanya tata ta sanin halin da madatsar ke ciki sai ta cika mota da manya a je a gani da ido. Ga kuma tambayar da ta fi ci mini rai: da a ce tawagar ta dawo ta ce a tashi, ina za a kai mutum dubu ɗari huɗu, a cikin wace mota, da wane kuɗi? Mai yiwuwa wanda ba shi da wurin da zai kai jama'a ba ya saurin ce musu su tashi. Bayan abin ya faru ma sai da aka tsaya jayayya kan kalma, ministan albarkatun ruwa Joseph Utsev yana cewa madatsar ba fashewa ta yi ba, tumbatsa ta yi. Ga wadda ruwa ya kai wa wuya a ɗakinta, bambancin ba shi da yawa.

To, da me jihar ta shiga damina? Hanyar samun kuɗi ta farko ita ce asusun kula da muhalli, wanda aka kafa tun 1981 domin zaizayar ƙasa, kwararowar hamada, ambaliya da makamantansu. Ana cire shi daga asusun tarayya, kuma a tsarin rabon da ake bi yanzu tarayya na ɗaukar kashi 1 cikin 100, jihohi 36 su raba kashi 0.72, ƙananan hukumomi kashi 0.60. Duk wata yake zuwa tare da kason da ake rabawa a Abuja. Borno na cikin jihohin da suka fi samun rabo mai tsoka, amma abin da ya shigo mata ta wannan hanya a shekarar da ta gabaci ambaliyar bai kai naira biliyan 2 ba. Wannan adadi yana faɗa mana abu biyu a lokaci guda. Masu cewa da jihar ta yi amfani da kuɗin muhalli da ta gyara Alau, lissafi bai goyi bayansu ba. Kuɗin ko kusa ba za su isa ba, kuma madatsar ba tata ba ce. Amma kuɗin sun isa su yashe magudanai, su sayi kwale-kwale masu inji, su kafa ma'aunin ruwa da mai karanta shi dare da rana. Matsalar asusun nan a kusan kowace jiha ita ce da zarar ya faɗa babban asusun gwamnati sai ya narke. Ba ya zuwa da alama a goshi. Ɗan jarida zai iya gaya maka nawa ya shigo, don hukumar ƙididdiga ta ƙasa na wallafawa, amma da wuya ya nuna maka kwalbatin da aka gina da shi. Lokacin ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa, fadar shugaban ƙasa da kanta ta fito ta ce jihohi su yi bayanin inda suke kai wannan kaso. An yi 'yar hayaniya, ruwa ya janye, magana ta bi shi.

Hanya ta biyu ita ce naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta ce za ta ba kowace jiha saboda ambaliya, abin da ministan kuɗi Wale Edun ya bayyana a watan Agustan 2024. Agusta fa, tsakiyar damina, lokacin da Jigawa da wasu jihohin sun riga sun fara binne mutanensu. Kuɗin shiri da aka sanar a Agusta sunansu kawai kuɗin shiri. Ba a yashe magudana ruwa na gudu a cikinta. Kuma kai-da-kai aka raba, jihar da kogi ya ratsa tsakiyar babban birninta da wadda ke kan tudu duk biliyan uku-uku. Zulum ya tabbatar da cewa kuɗin sun shigo, kuma da su aka fara ciyar da mutane a sansanoni. Sun yi amfani ƙwarai, amma a matsayin agaji.

Sai hanya ta uku, wadda ita ce ta ɗauki nauyin kusan komai: gudummawa. Ranar Talatar kanta, 10 ga Satumba, mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima, wanda ya mulki jihar daga 2011 zuwa 2019, ya sauka a garin. Ranar 16 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya zo, ya yi alkawarin kafa asusun agajin bala'o'i na ƙasa. Daga nan gidan gwamnati ya koma kamar gidan gaisuwa. Gwamnoni na zuwa jaje kowa da abin da ya riƙo, bankuna, kamfanoni, 'yan majalisa, ƙungiyoyin addini. Alhaji Aminu Ɗantata ya ba da naira biliyan 1.5. Abdulsamad Rabi'u na kamfanin BUA ya ba da na biliyan 2, tsabar kuɗi da kayan abinci. Aliko Ɗangote ma ya zo da nasa. Gwamnati ta buɗe asusu na musamman, ta riƙa karanta sunayen masu bayarwa da abin da kowa ya bayar, har da bambanta wanda ya cika alkawari da wanda ya faɗa a gaban kyamara ya tafi. Wannan bambancewar ta burge ni, don an san halin alkawarin gaban jama'a.

Dole a faɗi gaskiya game da yadda jihar ta riƙe agajin, domin a nan ba ta yi barci ba. An sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe tun ƙarshen 2021, aka mayar da makarantu masauki. An fara da dafaffen abinci da naira 10,000 ga kowane magidanci, daga baya aka koma ba da shinkafa mai kilo 25 da katan ɗin taliya domin mutane su koma gida ko wurin dangi. Gwamna ya kai wa majalisar jiha ƙarin kasafi na naira biliyan 61, a shekarar da ainihin kasafin jihar ya kasance wajen biliyan 358. Aka kafa kwamitin rabon tallafi ƙarƙashin Injiniya Baba Bukar Gujbawu, da malamai da sarakuna da jami'an tsaro da 'yan ƙungiyoyin farar hula a ciki. Kwamitin ya bi unguwa-unguwa yana tantance gidaje, ya kasa ɓarnar gwargwadon tsananinta, ya riƙa tura kuɗi ta asusun banki maimakon a jera mutane a rana ana miƙa ambulan. Da ya miƙa rahotonsa a ƙarshen shekara, ya ce ya raba tsabar kuɗi fiye da naira biliyan 18 ga magidanta fiye da 100,000. A ƙasar da kayan agaji kan ruɓe a sito ko su ɓulla a kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a raba biliyan 18 ga gida dubu ɗari a gani. Bai kai naira 200,000 ga kowane gida ba in an daidaita, a shekarar da buhun shinkafa ya tasam ma naira 100,000. Kuma tsarin tantancewa, komai kyansa, gini yake gani. Bango ya faɗi, ana iya aunawa. Jarin mai sayar da atamfa da ya jiƙe ya yi funfuna fa? Buhunan gero da suka tsiro a cikin shago? A gidan haya da ƙanwata take, iyali biyar ne a tsakar gida ɗaya, kuma sai da aka yi ta kai-kawo wurin bulama kafin a rubuta kowa da sunansa, don tun farko mai gidan kaɗai aka sani. Akwai tsofaffin da ba su da asusun banki, akwai waɗanda katin shaidarsu ya tafi da ruwa, akwai matan da mazansu suka ɓace tun zamanin rikici ba su da wanda zai tsaya musu a layi. Abin da ya shigo wa ƙanwata ya tafi ne a katifa biyu da kuɗin magani, domin kafin wata ya zagayo yaran unguwa sun fara gudawa da amai, kuma a farkon Oktoba gwamnatin jihar ta tabbatar da ɓarkewar kwalara. Keken ɗinkin nan, wanda da shi take ciyar da gida rabin wata, sai da 'yan'uwa muka yi karo-karo.

Abin da ke damuna da dogaro da gudummawa ba ƙanƙantarta ba ne, a wannan karon ma ba ta yi kaɗan ba. Gudummawa tana bin suna ne da kyamara. Maiduguri babban birnin jiha ne, mahaifar mataimakin shugaban ƙasa, garin da duniya ta riga ta san sunansa, cike da ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji da rikici ya kawo tun shekaru goma da suka wuce. Shi ya sa cikin mako biyu aka tara abin da aka tara. Ƙauyen da ke bakin kogin Haɗeja, wanda ruwa ke cinye gonakinsa kusan kowace damina, wa ke zuwa masa da cakin biliyan? Sannan ita gudummawa ba ta san shiri ba sam. Ba attajirin da zai tara 'yan jarida a watan Maris ya ce ga biliyan ɗaya a yashe magudanan Gwange. Ihu bayan hari shi ke da masu sauraro. Ɗan siyasa ma ya san haka: hotonsa cikin ruwa har ƙugu yana miƙa buhu ya fi hoton kwalbatin da ta hana ruwan zuwa farin jini, tunda bala'in da bai faru ba ba shi da hoto.

Aikin da ya rage wa jiha, tunda madatsa ba tata ba ce, shi ne wanda ba shi da tsada kuma ba shi da armashi. Dokar da ta kafa NEMA a 1999 ta tanadi kowace jiha ta samu nata kwamitin agajin gaggawa, kuma Borno na da tata hukumar, SEMA, wadda shekarun rikici suka gogar da ita fiye da takwarorinta. Amma gogewarta a rabon abinci da kula da sansani take. A daren nan, masu ceto na farko samarin unguwa ne da masunta da kwale-kwalensu na katako, sai sojoji da manyan motocinsu. Mutane sun kwana biyu, wasu uku, a kan rufi da saman bene suna jira. Ruwa kuwa bai faɗo daga sama kai-tsaye ba. Sai da ya yi tafiyar kilomita 20 kafin ya iso. Wannan tazara lokaci ce. Da akwai wanda aikinsa ke nan ya zauna a Alau da waya, da jerin lambobin bulamai da limamai, da yarjejeniya da gidajen rediyo da kamfanonin waya, da lasifikar masallatan Juma'a kaɗai ta isa ta tayar da rabin gari. Da kowace unguwa ta san makarantar da za ta nufa in an yi shela, da mutane sun fita da awakinsu da kekunan ɗinkinsu, ba da leda ɗaya ba. Duk wannan a haɗe ba zai ci kashi ɗaya cikin goma na abin da aka raba daga baya ba. Abin da yake buƙata shi ne layi nasa na kansa a kasafi, a saki kuɗin tun watan Maris ko Afrilu, a kuma hana taɓa su don wani abu, sannan majalisar jiha ta tambayi inda suka shiga kafin ta amince da na baɗi. Ba a ce babu kuɗi ba, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, a lissafin naira dai.

Akwai kuma aikin da ya fi wannan ɗaci, wato tayar da gine-ginen da ke kan hanyar ruwa. Gwamnatin Borno ta yi maganarsa bayan ambaliyar. Rusau ba wuya, katafila ɗaya ta isa. Diyya da sabon matsuguni su ne kuɗin, kuma in ba a biya ba mutane za su koma inda aka tashe su kafin damina biyu, domin ba son kogi ne ya kai su can ba.

Ita madatsar, sai a Fabrairun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina ta da faɗaɗa ta, aka ƙaddamar da aikin a farkon Maris, da wa'adin wata 24. Biliyan tamanin cikin wata biyar, bayan shekara talatin ana yayyafa mata 'yan miliyoyi. Kuɗin da aka ce babu ashe suna nan, sai da aka ga gawa suka fito. Wa'adin wata 24 kuwa yana nufin aƙalla damina biyu garin zai kwana a ƙarƙashin aikin da ba a gama ba, kuma a cikin wannan tsakani kwangilar Abuja ba ta ƙunshi kwale-kwale ko shela ko yashe lambatun Gwange ba. Wata uku bayan ƙaddamar da aikin, a ƙarshen Mayun 2025, ruwa ya afka wa Mokwa a jihar Neja da asuba ya kashe mutum fiye da 150, aka sake buɗe asusu, manya suka sake jerin gwanon jaje.